Maɗin Kanyar da Na Binne a Garka

Bari in hutar da mai karatu tun daga farko, kada ya wahala yana neman wawan wannan labari: ni ne. Na faɗa da bakina don na san in na bari taubashina ya riga ni, sai ya ƙara gishiri, shi kuwa hannunsa ba ya da awo.

Ni mutum ne mai ilimi daidai gwargwado. Na yi boko har aji fuɗu, kafin mahaifina ya lura cewa shanu sun fi malamin lissafi bukatata. Daga baya na yi aikin masinja a sakatariyar Kebbe, inda na yi ta ɗaukar takardun manya a hammata har ilimin cikinsu ya ɗan ratsa ni ta fata. Da na ajiye aiki sai na dawo garinmu, nan kusa da Jabo, da hula mai kyau, da rediyo, da ra'ayi a kan kowane abu.

Mahaifina ya bar mini garka a bakin fadama. Akwai mangwaro, da gwaiba, da lemun tsami, akwai ɗinya a gefen rijiya, sai wata tsohuwar kanya a kan iyaka wadda ta girmi kowa a garin. A wurin rabon gado garkar tawa ce. A bakin mutane kuwa garkar mai maɗi ce, wato matata. Ni ana ce mini mijin mai maɗi. Na daɗe ina yi kamar ban ji ba.

Tun tana amarya, da aka kawo ta daga Fakku, take wannan sana'a. Za ta tsince 'ya'yan itacen da suka nuna, ta jiƙa, ta murje da hannu, ta tace a rariya, sannan ta ɗora ruwan a babbar tukunyar ƙasa ta yi ta dafawa tana kwashe kumfa. Tukunyar da aka ɗora cike da hantsi ba ta sauka sai ta koma rabi. Abin da ya rage shi ne maɗi: duhu-duhu, mai kauri, in ka sha sai ka ji zaƙinsa har a kunne. Kowane icce da lokacinsa. Ɗinya da kaka, lokacin da ake yankan gero. Kanya da sanyi. Mangwaro da bazara, gwaiba in ruwa ya zauna. Mutane na tasowa daga Tambuwal a kan babur da jarkokinsu, wasu ma tun icce bai gama nuna ba suke aiko da tambaya.

Tana da wata al'ada da ba ta taɓa ketawa ba. Tukunyar farko ta kowane icce ba ta sayarwa ce ba. A kwanoni take rabawa, a kai gida-gida, a fara da gidan liman, don matar liman ƙawarta ce tun suna 'yan mata a Fakku. Kwano ba ya dawowa wofi. Wata ta zuba gero, wata ta sa goro, wadda ba ta da komai ta sa ɗan barkono. In kwanoni suka dawo, garin ya san maɗi ya fito, sai a fara ciniki.

Abin da ke ci mini rai ɗaya ne. In icce ya ƙare, ya ƙare. Mutum zai sha hanya da babur, ya iso da ƙura har gira, ta dube shi ta ce, "Kanya ta ƙare, sai baɗi in da rai." Ba ta ko nuna damuwa. Ni ne nake raka mutumin bakin hanya kamar an yi mini rasuwa.

"Tsohuwa," na ce mata ba sau ɗaya ba, "duniya ta ci gaba. Lemon kanti shekara yake yi cikin kwalba bai ce uffan ba. Mi ya hana namu?"

"Malam, lemon kanti ba shi da uwa," in ji ta. "Wanga daga icce ya fito, da rai gare shi. Ka bar shi ya kwana biyu ka gani."

Na ɗauki wannan a matsayin jahilci, na yafe mata.

To, a 'yan shekarun nan azumi ya yi ta jawowa baya, ya bar lokacin mangwaro, ya zo ya tsaya a wani wuri mara daɗi: kanya ta ƙare, mangwaro bai nuna ba. Azumi ba maɗi. A daidai ƙarshen kanyar ne 'yarmu da ke aure a Fakku ta haihu, tsohuwa ta haɗa kayanta za ta tafi zaman jego. Tana kan babur, ta riƙe ɗankwali da hannu ɗaya, ta juyo ta ce da ni:

"Abin da ya rage bisa kanya na tsuntsaye ne da awaki. Kada ka taɓa mini tukwane."

Ban taɓa tukwanenta ba. Ina so a rubuta wannan a gefen alherina. Bokitin roba na yi amfani da shi.

Na kakkaɓe kanyar tas, na jiƙa, na murje, na tace, duk yadda na saba gani. Da na zo wurin dafawa sai ilimi ya motsa. Na ce da kaina, wuta na cinye rabin kaya, ga asarar itace, ga hayaƙi a ido, alhali abin da ake nema zaƙi ne. Zaƙi kuwa ana sayar da shi a kanti. Na sayo sukari na zazzaga, na juya, na ɗanɗana. Wallahi a ranar ya yi daɗi. Na tara robobin ruwan sha da aka zubar a tasha, na wanke, na ɗura, na ɗaure murafen tam, na ɗiga kyandir a bakin kowace don kada iska ta shiga. Ba mu da firij, to amma a gefen rijiyar garka akwai yashi mai laima da sanyi. Na haƙa rami na jera su, na rufe, na ɗora busasshen ganye. Na tsaya a kan ramin na ji tausayin mutanen garinmu, da suke zaune da irina ba su sani ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara leƙowa. Wata rana ina ban ruwa na ji fam! daga wajen rijiya. Na je na tarar ƙasa ta tsage, roba ɗaya ta fashe, ƙudaje sun taru suna walima. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni na ce damo ne ya tona. Na ƙara ƙasa, na ɗora dutse.

Tsohuwa ta dawo ana gobe azumi, a gajiye, da labarin jika a bakinta. Ban gaya mata komai ba. Ina so ta ji daga bakin mutane, ta zo ta durƙusa ta ce Malam ashe kai ne.

Rana ta farko da la'asar sakaliya na je na tone. Robobin sun kumbura, sun yi tauri kamar dutse, ruwan ciki ya washe, ga wasu 'yan ƙwayoyi na tasowa daga ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, har gas ya yi, kamar na kamfani. Ɗanɗanawa ba hali, ina azumi. Hancina kuwa taba gari ta kashe shi tun ina sakatariya. Za a ce me ya hana ni tone ɗaya tun jiya in gwada. Na tambayi kaina wannan sau da yawa. Amsar ita ce, mutumin da ya tabbata ba ya gwaji.

Na loda su a buhu na kai ƙofar masallaci, inda dattawa ke shimfiɗa tabarma a yi buɗa-baki tare. Na jera robobin a tsakiya. Idanu suka yi caa a kansu.

"Mine ne wanga?" in ji liman.

A nan ne na yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Na san in na ce nawa ne ba mai sha, don an san ni. Sai na gyara hula na ce, "Maɗin kanya ne, Allah gafarta Malam. Na tsohuwata. Ta ce a kawo muku sadaka."

Nan take fuskoki suka saki. Aka shiga sa mata albarka. Wani ya ce kanya a wannan lokaci, lallai matar nan Allah ya ba ta. Aka kira salla, aka ci dabino, na murɗe murfin farko. Ya yi tsiii, kumfa ta yi tsalle ta wanke mini gemu. Aka yi dariya, aka miƙo kofuna.

Taubashina ne ya fara. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, tare muka yi kiwo, kuma tun muna yara bai taɓa ganin abu a hannuna ya bar mini ba. Makiyayi ne, ya wuni a rana. Ya shanye kofi a tsaye, ya miƙo, na cika, ya sake shanyewa, ya fizge robar daga hannuna.

"Kai, bawana," ya ce, "yau ka yi abin kirki. Yana da ɗan yaji-yaji, yana tsikarar hanci. Ƙaro!"

Wasu suka kurɓa suka yamutsa fuska, amma ba wanda ya yi magana, don kunyar mai maɗi. Liman shi ne na ƙarshe da kofi ya isa gare shi. Ya kai bakinsa, bai sha ba. Ya sunsuna. Ya sauke kofin a hankali, ya dube ni.

"Kowa ya aje," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Wanga abu ya tashi. Ba maɗi ba ne yanzu."

Kowa ya gane abin da bai ambata ba. Dattawan da suka wuni da ƙishirwa don Allah suka shiga tofarwa, suna kurkure baki da ruwan buta, suna salati. Wani tsoho ya fashe da kuka, ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi abin nan bai taɓa shiga cikinsa ba, sai yau, a ƙofar masallaci, ranar farkon azumi. Liman ya kwantar musu da hankali, ya ce wanda ya sha bai sani ba babu komai a kansa, azuminsa na nan. Ya sa aka tuttular da sauran a bayan katanga.

Taubashina kuwa ya zauna daɓas a kan tabarma yana murmushi. Ya ce ƙasa ta karkace, a gyara ta. Ya ce yana son kowa da kowa, har ni. Da aka tashi sahu sai ya fara kiran shanunsa da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, cikin murya mai taushi. Sai da aka riƙe shi aka kai shi gida.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da tsohuwa a tsakar gida, kunu a gabanta bai taɓu ba. Na faɗa mata komai, har da damo. Ba ta yi faɗa ba, na kuwa so ta yi. Ta dai tambaye ni abu ɗaya.

"Sunan wa ka faɗa?"

"Naki," na ce.

Da safe na koma masallaci na tsaya gaban jama'a na ce jama'a, ni na yi, lokacin matata ba ta ma gari. Na zata magana ta ƙare. Ashe ban san garinmu ba. Shekara da shekaru ina zolayar mutane da fuskar gaske, har an saba duk abin da na faɗa a raba shi biyu a zubar da rabi. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya saka maka, Malam. Namiji ke nan, mai rufa wa iyalinsa asiri." Wani ya ce ai kowa ya san ban iya dafa ko ruwan zafi ba, ina ni ina maɗi. Na rantse. Suka ce kada in yi rantsuwa da azumi a bakina don kare mace. Ina ƙara faɗa, ana ƙara ganin girmana. Ban taɓa samun mutunci a garin nan irin na wannan azumin ba. Har gaba aka fara tura ni a sahu.

A wajen mata kuwa magana ta ɗauki wata hanya. Aka ce da ma. Aka ce wannan zaƙin nata ba banza ba. Aka ce wa ya san abin da muka yi ta ba 'ya'yanmu shekara da shekaru. Wata ta tuna cewa mijinta ya taɓa yin barci mai nauyi bayan ya sha maɗin ɗinya. Tsohuwa ta daina fita unguwa. Aka yi suna a maƙwabta, a da ita ce mai rabon abinci, wannan karon ba a aiko ba. Matar liman, wadda ba ta kwana biyu ba ta leƙo gidanmu, ta ɗauke ƙafa. Ita wannan ce ta fi yi mata ciwo. Ina ji in an yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai, in ta ji ba muryar ba ce ta mayar.

Na je wurin taubashina neman shaida, don shi ya ga ina tara robobi a tasha.

"Ni?" ya ce. "Ni da anka ce na kira saniya a sahu? Ka bar ni in ji da kunyata. Kuma ko na faɗa, wa zai yarda? Ni da kai, bakinmu ɗaya a garin ga."

Gaskiyarsa. Mu biyu mun ɓata bakinmu da wasa tun da daɗewa.

Bayan salla mangwaro ya nuna. Na zata ba za ta yi ba. Na ga dai ta fito da babbar tukunya, ta wanke, ta ce in ɗauka.

"Ina za mu?"

"Garka. Bakin hanya, inda kowa ka wucewa. Kai za ka dafa."

Haka aka yi. Ta kafa murhu a gefen hanyar da ke zuwa fadama, ta zauna a inuwa a kan tabarma, ta miƙo mini muciya. Ni, tsohon ma'aikacin gwamnati, na tuɓe riga na tsaya a kan wuta cikin zafin bazara. In na sassauta ta ce juya. In kumfa ta taso ta ce kwashe. Hayaƙi ya shiga idona, na yi ta hawaye, ban san wanne na hayaƙi ba ne wanne nawa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Ga kowa sai ta ce, "Ku matso ku gani, ba abin da anka ɓoye. Mangwaro ne da ruwa da wuta." Taubashina ya koro shanunsa ya tsaya ya jingina da sanda.

"Sannu, amarya," ya ce da ni. "Zanin ne ba a ba ki ba?"

"Wuce, kada shanunka su ji ka su zata an ta da salla."

Ya yi dariya har da tari. Amma ya zauna, ya tura mini itace, kuma da tukunya ta sauka shi ya fara miƙo kofi, a gaban mutane, ya sha, ya tashi ya yi tafiya a miƙe don kowa ya shaida. Wannan ban manta masa ba, ko da yake ba zan faɗa masa ba.

Tun hantsi ina kallon tukunyar tana raguwa, rabin da nake ƙyashi yana tafiya sama.

Da yamma ta zuba a kwanoni, ta rufe kowanne da faifai, ta ce ni zan kai. Na ɗaure su a kwando a bayan babur, na bi gida-gida ina sallama. Na fara da gidan liman, kamar kullum. A kowace ƙofa na maimaita karatuna: na yau ne, a gabana aka dafa, ni na juya, wancan ma ni na yi. Wasu suka karɓa da fara'a, wasu da ɗan yatsa biyu.

Washegari kwanoni suka fara dawowa. Tana zaune a ƙofar ɗaki, duk wanda aka shigo da shi sai ta ɗaga faifan ta leƙa. Gero. Goro. Gero. Wani da ƙwai a ciki. Tsohon nan da ya yi kuka a masallaci ya aiko da dabino. Na ga kafaɗunta na saukowa kaɗan-kaɗan.

Kwanon gidan liman ne ya zo daga ƙarshe. Tun daga yadda aka riƙo shi da hannu biyu na san da nauyi. Ta ɗaga faifan. Maɗin na nan yadda na kai shi, har ya yi 'yar fata a sama. Ba a ko sa cokali ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta mayar da faifan ta rufe, ta ture kwanon gefe.

A nan ya kamata in yi shiru. Amma bakin da ya saba ba ya jin birki. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ce bari in sa ta dariya, don ita kaɗai ce sana'ar da na iya.

"Haba tsohuwa," na ce, "dubi geron da kika tara, har na kunu ya samu. Kwano ɗaya ne fa. Gari ya yafe. Ni ma da na yi ɓarnar, kin ga an yafe mini, har gaba ake tura ni a sahu."

Ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Mi za su yafe maka, Malam? Kai da ma ba wanda ya taɓa aza maka hankali, ba abin da ka zubar. Da naka sunan ka kai masallaci, da ko akuya ba ta sha ba. Nawa ka ɗauka, don ka san shi a ka sha ba a sunsuna ba. To ga shi nan cikin kwano, an maido. Ɗauki ka binne shi inda ka binne wancan."